Sakata Ta Uku

Har yanzu da nake wannan rubutu ƙanshin man bindiga bai bar yatsuna ba, kuma ba na so ya bari. Kwana uku ke nan ina safa da marwa a ɗaki, in zauna in tashi, duk wanda na kira a waya sai na cika masa kunne da zance ɗaya, har uwargida ta ce in ba rubutawa na yi ba barci ba zai ɗauke ni ba. To ga shi na zauna.

Ni jikan maƙera ne. A zauren da na tashi, ƙarar masaba ce ke sanar da unguwa gari ya waye. Kakana yana ƙera garma da fartanya da lauje, wani lokaci kuma mafarauta su kawo masa bututun sitiyarin tsohuwar mota ya mayar musu da shi bindigar toka. Ni ne ɗan zuga. Boko ya ɗauke ni daga bakin zugazugi ya kai ni karatun injiniya, daga can ya jefo ni Amurka, inda nake aiki a wata masana'antar kayan haƙar mai. Injin da kwamfuta ke tuƙawa yana yankan ƙarfe, ni kuma ina tsaye ina duba lambobi. Amma bindiga, tun da ta zama abin da ta zama a yankinmu, na raba gari da ita. Innata, ƙanwar mahaifiyata, ta baro ƙauyensu da 'ya'ya huɗu da tabarma ɗaya saboda masu rataye da ita. Shi ya sa da abokin aikina ya ce in raka shi baje kolin bindigogi na birnin Tulsa, sau biyu ina ce masa a'a. A karo na uku ya ce, "Ba harbi za ka je kallo ba. Aikin ƙarfe za ka je kallo." Nan ya kama ni.

Jama'a, wurin nan! Sunansa Wanenmacher's Tulsa Arms Show, ana yin sa sau biyu a shekara, Afrilu da Nuwamba, a filin Expo Square na jihar Oklahoma. Tun daga nesa za ka hango wani ƙaton mutum-mutumin ma'aikacin haƙar mai, tsayinsa ya haura mita 20, ya dafa hasumiyar rijiya yana tsaron ƙofa. Ka shiga ciki kuwa, tebur sama da 4,000 ne a ƙarƙashin rufi ɗaya, a gini mai faɗin eka 11. Ka ɗauki Kasuwar Kurmi ka rufa mata kwano, ka ce kowa ya kawo haja iri ɗaya. Kowace bindiga an ɗaure ta da zaren roba yadda ba za ta ɗanu ba, kuma ba a yarda da mai harsashi a ciki ba. Duk da haka awa guda na yi gabana yana faɗuwa. Baƙaƙen bindigogin zamani ne jere-jere, masu jikin roba, irin waɗanda hotonsu ke zuwa mana a waya tare da mugun labari. Na riga na juya zan ce wa abokina mu tafi, sai idona ya faɗa kan wani tebur a lungu, an shimfiɗa masa koren mayafi.

Launin ne ya fara tsayar da ni. Duk wanda ya taɓa ganin rawani ɗan Kura sabon fitowa daga hannun mabuga, baƙi ne amma ba baƙi ba, shuɗi ne amma sai ka karkata shi ga haske, mai ƙyalli kamar an zuba masa ruwa, to ya san abin da na gani. Sai dai wannan a jikin ƙarfe yake. Libarba goma sha ɗaya ne a kwance, manya-manya, masu ganga mai gida shida. Libarba! Kalmar da na ji a bakin tsofaffin 'yan sandan En'e ina yaro, kalmar Turanci da bakin Bahaushe ya lanƙwasa tun zamanin mulkin mallaka, ga ta yau a gabana da jiki da nauyi.

Wani dattijo ne mai farin gemu a bayan teburin, yana shan kofi, bai ce mini uffan ba. Na sunkuya kan ta farkon layi ina ƙura mata ido ta gefen dama. Na san dole akwai murfi a wurin, domin ta nan ne kawai za a iya zuba kayan ciki, kuma ga kawunan sukuru huɗu suna shaida. Amma ina bakin murfin? Na matsa hagu, na matsa dama, na cire tabarau na mayar. Sai da hasken fitilar rufi ya faɗo ta wata kusurwa sannan na ga layin, siriri kamar gashin jariri.

"Me kake nema, samari?"

Na ce, "Baba, mahaɗar murfin nan nake nema. Da kyar na same ta."

Ya ajiye kofin. Ya ce mutum ɗari sun wuce tun safe, duk tambayarsu ita ce nawa ce, ko tana harbi. Ba wanda ya nemi wannan layin. Ya tambayi sana'ata, na faɗa masa, na ƙara da cewa kakana maƙeri ne. Kawai sai ya ciro almakashi ya datse zaren robar, ya tura wani ɗan maɓalli da babban yatsa, gangar ta faɗo gefen hagu, ya ɗaga ta ga haske ya nuna mini gidaje shida duk wayam, sannan ya miƙo mini ita ta wajen ƙota. Na yi bisimilla na karɓa.

Nauyinta ya haura kilo ɗaya, amma ba ta rinjayar hannu. Zama take yi a tafi kamar masabar da ta saba da mai ita. Dattijon ya ce wannan ita ce uwar gidan, daga gare ta duk sauran goman suka fito. Kamfanin Smith & Wesson da a lokacin yake da hedkwata a garin Springfield na jihar Massachusetts, wanda Horace Smith da Daniel Wesson suka kafa, yana kasa libarbobinsa bisa girman jiki, yana ba kowane girma harafi. Babban jiki shi ne N, kuma wannan da ke hannuna ita ce N ta farko a duniya, wadda ta fito kasuwa a 1908 tare da sabon harsashinta, .44 Special. Kamfanin ya raɗa mata suna New Century, wato sabon ƙarni. Amma ba wanda ke kiranta haka. Kowa Triple Lock yake cewa, mai sakata uku.

Ya ce, "Nemo su."

Ta farko ba wuya: wani tsinke ne a tsakiyar gangar ta baya, yana shiga rami a jikin bindigar. Ta biyu tana can gaba, a ƙarƙashin bututu, tana cafke kan sandar da ake turo kwanson harsashi da ita. Waɗannan biyun akasarin libarbobin kamfanin masu buɗewa ta gefe suna da su. Ta ukun fa? Ya sa ƙumbarsa ya nuna mini. A ƙarƙashin bututun an bar wani kwarin ƙarfe, kamar kube, wanda sandar nan ke kwanciya a ciki. Daga gindin wannan kuben wani ɗan tsinke ke leƙowa, yana jiran hannun da ke ɗauke da ganga. A jikin hannun kuma an dasa wani ɗan guntun ƙarfe daban, wanda aka shayar ya yi tauri, mai gangare da rami. In ka rufe, tsinken ya hau gangaren, ya ja da baya, ya faɗa ramin. Kuma maɓalli ɗaya tak, turi ɗaya na babban yatsa, shi ke sakin duka ukun.

"Rufe ta. Da tafin hannu, a hankali. Kada ka wurga ta irin na 'yan fim."

Na tura. Ƙas!

Wallahi tsigar jikina sai da ta tashi. Sakata uku ne, a wurare uku, amma ƙara ɗaya na ji. Ɗaya! Wanda bai taɓa haɗa ƙarfe da ƙarfe ba zai ce to mene ne a ciki? Ni na san mene ne. Ka sa wa ƙofa sakata ɗaya, ko ta ɗan karkace za ta rufu. Ka sa biyu, dole su yi shiri da juna. Ka sa uku, to ka shiga uku, domin ko wacce ta riga 'yan uwanta da kaurin gashi, ko dai gangar ta ƙi rufuwa, ko kuma biyu su riƙe ɗaya tana lilo a banza. A wurin aikina, in muna son irin wannan daidaito, sai mu shigar da lambobi cikin kwamfuta, mu sanyaya ɗaki, mu kawo na'urar awo mai tsadar gida. Su kuwa a 1908 mutum ne a zaune kan benci, da magagari da dutsen washi da hasken taga, yana shafa yana gwadawa, yana shafa yana gwadawa, har sai ukun sun yi magana da murya ɗaya. Na kama gangar na girgiza. Ko motsi. Na ɗaga ta ga fitila na leƙa tsakanin ganga da bututu: haske ne siriri, da kyar takardar littafi za ta ratsa. Shekara ɗari da goma sha wani abu ke nan da barinta Springfield.

Na sake buɗewa, na sake rufewa. Na yi haka ya fi sau goma, dattijon yana kallona yana murmushi cikin gemu.

Sai kuma ya faɗa mini abin da ya hana ni barci. Ya ce sakata ta ukun nan, ba a bukatarta.

Na ce kamar yaya? Ya ce dubi sauran teburin. Ya ɗora yatsa kan wata mai cin harsashin .357 Magnum, ya ɗora kan wata mai cin .44 Magnum, harsasan da ƙarfinsu ya ninka na .44 Special na wancan zamani nesa ba kusa ba. Duk da sakata biyu suke aiki, kuma ba su taɓa kukan rashin ta uku ba. Ashe mutanen nan sun ƙirƙiro wa kansu aiki mafi wuya a cikin bindigar, aikin da ke cinye sa'o'in gwanayensu, alhali biyu sun wadatar. Masu tara waɗannan libarbobi da yawa sun tafi a kan cewa kamfanin ya yi ne don ya nuna wa duniya, musamman abokin hamayyarsa Colt wanda ya riga shi fito da babbar libarba mai suna New Service tun 1898, abin da hannun mutanensa zai iya. Ni dai da na ji haka kakana na tuna. Akwai wata 'yar murɗiya da yake yi a wuyan lauje, wadda ba ta ƙara masa kaifi, ba ta ƙara masa kuɗi, sai dai ta ƙara wa kakana zufa. Na taɓa tambayarsa amfaninta. Bai amsa ba, ya ce in ci gaba da zuga.

Shekara bakwai kacal ta yi a duniya. Guda 15,375 aka yi, akasarinsu masu cin .44 ɗin, sai yaƙi ya zo ya yi mata aski. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, Birtaniya ta rasa isassun libarbobin da za ta raba wa hafsoshinta, ta garzayo Amurka saye. Smith & Wesson ya yi mata kimanin 5,000 na wannan samfuri, masu cin harsashin sojan Ingila, .455. Da suka isa ramukan yaƙi na Faransa da Beljiyam, inda taɓo ke kai wa gwiwa, sai Ingilishi suka ce wannan kube da wannan sakata ta uku tarkon laka ne. Abin da aka haɗa ba tare da sarari ba, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta hana shi rufuwa. Kuma gaskiyarsu ce. Ba zan yi musun wannan ba, domin wanda ransa ke rataye a kan makami ba ƙawa yake nema ba. A 1915 kamfanin ya cire kuben, ya cire sakatar, ya fito da samfuri na biyu, ya yi wa Birtaniya da Kanada kusan 70,000. A kasuwar farar hula kuma farashi ya sauko daga dala 21 zuwa dala 19. Dala biyu! Wannan shi ne kuɗin sakata ta uku. A 1926 wani kantin garin Fort Worth na jihar Texas mai suna Wolf & Klar ya matsa har aka dawo da kuben, saboda 'yan sandan yankin na son sa. Sakatar dai ba ta dawo ba.

Ya miƙo mini ɗaya daga cikin na Ingilan. Wannan ba ta da ƙyallin ɗan Kura; ta koɗe ta yi fari-fari a bakin bututu da gefunan ganga, inda fatar kube ta yi shekaru tana gogarta. Jikinta duk tambura ne ƙanana: kambin sarauta, wata 'yar kibiya mai faɗin kai da ke nuna mallakar gwamnatin Birtaniya ce, tutoci biyu a gicciye. Ina shafa su sai zuciyata ta tafi gida. Wannan harsashi na .455 shi ne na libarbar hafsoshin Birtaniya a wancan yaƙi, har da waɗanda suka ja sojojinmu na Rundunar Nijeriya zuwa Kamaru suka yi wa Jamusawa ƙawanya a Garwa, wadda ta faɗi a 1915, da dutsen Mora, wanda bai miƙa wuya ba sai Fabrairun 1916. Kakannin wasunmu suna cikin masu ɗauke da kaya da masu ɗauke da bindiga a wannan tafiya. Na faɗa wa dattijon. Bai taɓa jin sunan Mora ba. Ya ciro biro ya ce in rubuta masa a bayan katinsa.

Daga nan sai ya kwashe ni a guje cikin tarihin gidan, ni kuma ina bin sa kamar ɗan makarantar allo a bayan alaramma. Ga samfurin 1917, na lokacin da Amurka ta shiga yaƙin ta tarar ba ta da isassun fistol: aka gyara babbar libarbar ta ci harsashin fistol ɗin, wanda ba shi da leɓen da za a kama a fizgo shi, sai aka ƙirƙiro wani ɗan faranti mai siffar rabin wata da ke riƙe uku-uku. Dabara ce mai sauƙi har ta ba ka haushi don me ba kai ka yi tunaninta ba. Ga wata irinta mai tambarin ƙasar Barazil a gefe, cikin 25,000 da ƙasar ta saya a 1937. Ga .38/44 Heavy Duty ta 1930, wadda aka yi wa 'yan sanda a zamanin da 'yan fashin Amurka suka koma aiki da mota.

Amma a kan ta 1935 ya ja birki, har ya goge hannunsa da ƙyalle kafin ya taɓa ta. Registered Magnum, mai rajista. Ku duba lokacin: tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, miliyoyin mutane ba aikin yi, ana layin karɓar miya a tituna. A wannan hali kamfanin ya fito da libarba ta dala 60, mafi tsada a kayansa, kuma ba a tara ta a kanti. Sai ka aiko da bukatarka a yi maka taka. Kai za ka zaɓi tsawon bututu, daga inci uku da rabi har zuwa takwas da rubu'i uku. Kai za ka zaɓi irin saiti, ka faɗi nisan da kake so a daidaita maka shi. In an gama a buga mata lambar rajista a cikin jiki, ka aika da kati a aiko maka da takardar shaida da sunanka. Lamba ta 1 aka ba J. Edgar Hoover, shugaban hukumar FBI. George Patton, tun kafin ya zama janar ɗin da duniya ta sani, ya sayi mai gajeren bututu a shekarar, daga baya ya sa mata ƙotar hauren giwa. Kamfanin ya zaci 'yan tsiraru ne za su saya, sai oda ta yi masa rubdugu, har a 1939 ya haƙura da rajistar bayan an yi 5,000 da 'yan ɗaruruwa. Dattijon ya ba ni madubin ƙara girma ya ce in dubi samanta. Tun daga saitin baya har bakin bututu an yi mata zane gicciye, ƙananan lu'ulu'u jere reras kamar aikin dukawa a kan fatar sirdi, don kada hasken rana ya ɗauki idon mai saiti. Kunamarta da 'yar gudumarta kuma ba a rina su ba. Launin wuta ne a jikinsu, toka-toka da ruwan ƙasa da shuɗi suna gudana cikin juna kamar mai a kan ruwa. Wannan launin na san shi! Shi ne ke bi ta kan ƙarfe in an shayar da shi, shi kakana ke zuba wa ido kafin ya ce in dakata da zuga.

Ta .44 Magnum kuwa, wadda wani makiyayin jihar Idaho kuma marubuci mai suna Elmer Keith ya yi shekaru yana naci a kanta har kamfanin Remington ya yi harsashin, Smith & Wesson ya yi bindigar a ƙarshen 1955, aka sa mata lamba 29 a 1957, ita ce kowa ke tsayawa ɗaukar hoto saboda Clint Eastwood ya riƙe ta a fim ɗin Dirty Harry na 1971. Kyakkyawa ce, ban hana ba. Amma bayan mai sakata uku, ban ji ta a raina ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda mutanen nan ke karanta ƙarfe. Ni na zaci tara bindiga tara yawa ne. Ashe ilimi ne mai ƙa'idoji, kuma farkonsa ƙidayar sukuru. Biyar, huɗu a murfi ɗaya a gaban kunama, tsohon aiki ne. A tsakiyar shekarun 1950 aka cire na saman murfi, saura huɗu. A farkon shekarun 1960 aka cire na gaban kunama, saura uku. A 1982 aka daina sa ɗan tsinken da ke gicciye gindin bututu, aka daina rarake bakin gidajen harsashi na Magnum don gindin kwanso ya nutse. Kowane ragi dalilinsa ɗaya, rage lokacin da hannun mutum zai yi a kan aiki. Kana ƙirga sukuru kana ganin gwanaye suna tashi daga benci ɗaya bayan ɗaya.

Sai lambobi. Lambar bindigar tana gindin ƙota, amma ya nuna mini ita kuma a bayan ganga, da ƙarƙashin bututu. Dalili? Tun da hannu ya daidaita kowane sashe da ɗan uwansa, ba ya shiga jikin wata. In an warware su an kai rini, dole lamba ta mayar da kowa gidansu. In ka ga lamba ta saɓa, an yi mata aure da kayan wata. Ya kuma koya mini gane wadda aka sake wa rini: tambarin kamfani ya dushe, kusurwoyi sun yi laushi, bakin ramin sukuru ya lotsa kamar akushi, kuma layin murfin nan da na sha wuyar nema ya buɗe baki, domin an goge murfin daban jikin daban. A idon baƙo ta fi sheƙi. A idonsu an kashe ta. Kuma ina tare da su ɗari bisa ɗari: gara mini koɗaɗɗiyar nan ta Ingila da tabonta na gaskiya da a kawo mini wadda injin gogewa ya share mata sawun mai ita. Har wasiƙa ake nema daga kundin kamfanin, aikin da masanin tarihinsa Roy Jinks ya shafe shekaru yana yi, a rubuto maka ranar da bindigarka ta bar masana'anta da kantin da aka aika wa. Dattijon yana da irin waɗannan wasiƙu a cikin leda, yana juya su kamar takardun gado.

Ban manta ko mece ce a hannuna ba. Ko daƙiƙa ɗaya ban manta ba. An yi ta ne don ta huda jiki, kuma koɗaɗɗiyar nan ta je inda ake yin hakan. A gida Nijeriya dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin jerin waɗanda aka haramta wa mutum riƙewa sai da izinin shugaban ƙasa, kuma da abin da idona ya gani a yankinmu, ba ni ne zan nemi a sassauta ba. Ban saya ba, ba kuma zan saya ba. Na gaya wa dattijon labarin innata, ya yi shiru har kofinsa ya huce, sannan ya ce ya yi shekara arba'in da mai sakata ukun nan, kuma abin da ya fi yi da ita shi ne abin da na yi ɗazu: ya buɗe, ya rufe, ya saurara.

Da dare na kasa haƙuri. Na jira har asuba ta yi a gida na kira Baffa, ƙanin mahaifina, wanda shi ya gaji uwar maƙerar kakanmu. Bayan gaisuwa na kwashe komai na faɗa masa, ina yi ina haɗa kalmomi, sakata uku, ƙara ɗaya, dala biyu. Ya bar ni har na gaji. Sannan ya ce, "Ɗan nan, ka buɗe cikinta?"

Na ce, "A'a, Baffa."

"To ba ka ga komai ba tukuna. Waje kowa na iya goge shi. Ka koma ka ce ya nuna maka inda ido ba ya kaiwa."

Ranar Lahadi tun kafin a buɗe ƙofa ina tsaye a gindin ƙaton mutum-mutumin nan. Na isar wa dattijon saƙon Baffa kamar yadda aka ba ni. Ya yi dariya har da buga tebur, ya ce wannan baffan nawa ya san aiki. Ba zai taɓa mai ɗan Kuran ba, amma koɗaɗɗiyar ta Ingila, bisimilla. Ya kwance sukuru ɗaya, katakon ƙota ya rabu biyu, ya juyo mini na dama: ga lambar bindigar an rubuta da fensir. Fensir! Rubutun hannun wani mutum, bakwai ɗinsa mai ɗan lanƙwasa, yana kwance cikin duhu tun zamanin yaƙin farko. Sannan ya zaɓi sukudireba da bakinta ya cika ramin daidai, ya kwance na murfin ɗaya bayan ɗaya, yana jera su bisa tsari domin kowanne da raminsa. Bai ɓamɓari murfin ba. Ya ce wanda ya sa ƙarfe ya ɓamɓara ya gama da layin nan har abada. Ƙotar katako ya ɗauka yana ɗan bubbuga gefen jikin, ƙwas, ƙwas, ƙwas, har murfin ya ɗago da kansa.

Ciki fes, kamar jiya aka rufe. Kuma a kan ɗan hannun da ke juya ganga, da gefen ƙarfen da ke mayar da kunama, ga su nan: sawun magagari da na dutse, siraran layuka kwance gefe ɗaya, inda wani ya rage abin da ya rage ya ce ya isa. Hannuna na rawa na ɗauki hoto ta cikin madubin ƙara girman, na tura wa Baffa ta WhatsApp.

Ba a yi minti goma ba saƙon murya ya shigo, ana jin ƙarar masabar yaransa a bayansa. Na kara a kunne. Ya ce, "Magagarinsa mai laushi ne ƙwarai, kuma bai yi gaggawa ba. Amma dubi inda layukan suka kwanta. Wannan mutumin bahago ne."

Na fassara wa dattijon. Ya dube ni, ya dubi bindigar da ya shekara talatin yana ajiye da ita, ya karɓe madubin daga hannuna, ya jawo fitilar tebur kusa, ya sunkuya.